Wa ke ƙirga wahalar yaron da ke tsugune?

A kowane watan Agusta, idan aka buɗe gasar besbol ta yara ta duniya a Williamsport da ke jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, gidajen talabijin kan maƙala wani ɗan adadi a gefen allo, wanda ke ƙaruwa da ɗaya duk sa'ad da yaron da ke tsaye a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo. Idan yaron ɗan shekara 11 ne ko 12, da zarar adadin ya cika 85 sai a bar shi ya ƙarasa da mai bugun da ke gabansa, daga nan koci ya fito ya karɓi ƙwallon, ko da kuwa a hannunsa nasarar ƙungiyar take. Babu roƙo, babu magiya, doka ce. To amma tazarar mita 14 kacal daga wannan yaro akwai wani yaron, sa'ansa, tsugune cikin sulke da takunkumin ƙarfe. Shi ne ya cafe mafi yawan ƙwallayen nan, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma idan an kawo sabon mai jifa shi ne dai zai ci gaba da tsuguno a gabansa har a tashi. Wannan yaro ba shi da adadi a allo, ba shi kuma da shi a littafin doka. A kansa za mu yi magana yau.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne masu 'yan wasa tara-tara, suna karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro. Mai jifa yakan wurga ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta ya kai kimanin giram 145, zuwa ga abokin hamayya da ke riƙe da sanda. Idan ya dace ya buge ta sai ya sheƙa da gudu, yana neman ya bi tashoshi uku ya komo gida. A bayan mai bugun nan ne ɗan wasan da za mu kira mai cafewa yake tsugunawa. Shi ke yi wa mai jifa ishara da yatsu kan irin jifan da zai yi, shi ke cafe duk ƙwallon da ba a buga ba, shi ke tare ta da ƙirji idan ta daki ƙasa ta yi tsalle, shi ne kuma zai zabura ya wurga ta zuwa tasha ta biyu idan wani ya nemi satar hanya. Wasan manya zagaye tara ne, na yara shida. Kuma wasan ba baƙo ne gaba ɗaya a nahiyarmu ba: an buga shi a Abuja lokacin gasar wasannin Afirka ta 2003, yaran Yuganda sun taka filin Williamsport a 2012, ga shi kuma zai koma cikin wasannin Olamfik a Los Angeles a 2028. Duk wanda ya ɗauko wasan zai ɗauko shi ne tare da littafin dokarsa, da giɓin da ke cikin littafin.

Sanin kowa ne a Amurka cewa dokar ƙidayar jifa ba ta faɗo daga sama ba. Tun a 1960 likitoci suka raɗa wa wani ciwo suna da sunan ƙungiyar Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a 1939, saboda yawan yaranta da ake kawowa asibiti da shi. Ciwon a gefen ciki na gwiwar hannu yake. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, a bakinsa akwai guringuntsin da girma ke fitowa daga gare shi, kuma wannan guringuntsi ya fi jijiyoyin da ke maƙale da shi rauni. Duk jifa ɗaya jijiyoyin na fizgarsa, yau da gobe sai ya kumbura, wani lokaci ma ɗan ƙashin ya ɓalle. A manya kuwa, da guringuntsin ya riga ya daskare, jijiyar ce ke tsinkewa, kuma ita ce Dakta Frank Jobe ya fara musanyawa a 1974 a hannun Tommy John na ƙungiyar Los Angeles Dodgers. Tiyatar ta yi nasara, mutumin ya koma fili a 1976 ya ci gaba da wasa har 1989, har yau ma da sunansa ake kiran aikin. Abin da ya tayar da hankalin likitoci shi ne yadda aka wayi gari samari 'yan sakandare sun fara bin layin wannan tiyata ta manya. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da Dakta James Andrews ya assasa a birnin Birmingham na jihar Alabama ta shafe shekaru tana tattara shaida, daga bisani a 2007 Little League ta kafa dokar ƙidaya, wadda bayan gyare-gyaren da suka biyo baya ta tsaya a kan haka: jifa 50 a rana ga 'yan shekara 7 da 8, 75 ga 'yan 9 da 10, 85 ga 'yan 11 da 12, 95 ga 'yan 13 zuwa 16. Ta haɗa da kwanakin hutu, ta yadda a yanzu yaron da bai wuce shekara 14 ba, idan ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu cur. Wannan aiki ne na a yaba, kuma mun yaba.

Matsalar ta faro ne daga kalmar da aka gina dokar a kanta. Turanci yana da kalma ta musamman ga jifan da mai jifa ke yi wa mai bugu, yana kuma da wata kalmar daban ga duk sauran wurge-wurgen da ake yi a fili. Da masu doka suka zauna, kalma ta farko suka ɗauka suka ce a ƙirga ta, abin da ya faɗa ƙarƙashin ta biyu kuwa ya tsira daga lissafi ba tare da wani ya yanke shawarar a ƙyale shi ba. Hausa ba ta yi wannan rabon ba, a wurinmu jifa jifa ne, kuma a nan harshenmu ya fi kusa da abin da gwiwar hannun yaro ke ji, domin guringuntsi ba ya tambayar sunan da aka ba fizgar da ta same shi. Mai cafewa yana ƙare wasa da jifa masu ɗimbin yawa, amma tun da babu ko ɗaya a cikinsu da ya amsa sunan da doka ta sani, a takarda bai yi jifa ko ɗaya ba.

Bari mu yi lissafin da takardar ba ta yi ba. A ce masu jifa biyu sun raba wasa mai zagaye shida, sun wurga ƙwallo 100 a tsakaninsu. In ban da waɗanda aka buge, duk sauran daga hannun mai cafewa za su koma. Kafin kowane zagaye doka ta yarda mai jifa ya motsa hannu da jifa har takwas, su ma shi zai cafe ya mayar, ya rufe da wurgawa zuwa tasha ta biyu. Ga na share fage kafin a fara wasa, ga na ranakun atisaye, inda masu jifa uku ko huɗu za su yi layi a gaban yaro guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tafe da tsuguno da miƙewa, ko kuwa zama a tsugune na tsawon daƙiƙoƙi. Sannan a tuna cewa da yawa daga cikin yaran nan suna kuma buga wa ƙungiyoyin kuɗi masu yawon gasa a ƙarshen mako, inda akan buga wasa uku ko huɗu cikin kwana biyu. A irin wannan gasa koci kan juya masu jifa biyar ko shida don kada ya karya ƙa'ida, amma mai cafewa ɗaya ne, domin shi kaɗai ne ƙwallo ba ta wuce shi.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, mayar da ƙwallo ga mai jifa lallaɓawa ce, ba ta kama ƙafar jifan da ake yi da dukkan ƙarfi ba. Mun yarda. Ba mu ce a ƙirga su ɗaya da ɗaya ba. Sai dai akwai abu biyu da wannan hujja ta tsallake. Na farko, jifan kama ɓarawon tasha da iyakar ƙarfi ake yin sa, tazararsa kusan mita 26 ce a filin yara, kusan 39 a na manya, kuma cikin gaggawa ake yin sa daga tsugune, wani lokaci daga durƙushe. Mai jifa yana da sararin ɗaga ƙafa ya tattaro ƙarfi daga cinya da ƙugu. Mai cafewa sau da yawa da kafaɗa da gwiwar hannu kawai yake aikin. Na biyu, gajiya taruwa take yi, kuma hannun da ya gaji da ƙananan jifa 120 shi ne za a nemi ya yi babban jifa a zagaye na ƙarshe.

Shaidar likitoci ma ba ta goyi bayan masu raina abin ba. A 2004 aka wallafa wani bincike da aka yi a Taiwan kan yara 343 da suka halarci gasannin ƙasar. Aka tarar kashi 58 cikin ɗari na masu jifa suna kukan ciwon gwiwar hannu, masu cafewa kuwa kashi 63, sauran 'yan fili kashi 47. Da aka ɗauki hoton ƙashi, rabuwar guringuntsin nan ta bayyana a kashi 63 na masu jifa da kashi 70 na masu cafewa. Wato dai a wannan rukuni yaron da ba a ƙirga masa komai ya fi wanda ake ƙirga wa jin jiki, kuma masu binciken sun danganta abin da jifa daga tsugune. A Alabama kuma, Dakta Glenn Fleisig da abokan aikinsa sun bi yara masu jifa 481 har tsawon shekara goma, suka fitar da sakamako a 2011: wanda ya wuce zagaye 100 a shekara haɗarin mummunan rauni a kansa ya ninka sau uku da rabi. Sun kuma lura cewa waɗanda ke haɗa jifa da cafewa haɗarinsu kamar ya ninka sau biyu ko uku, ko da yake sun faɗi gaskiya cewa yaran da suka ji rauni ba su da yawan da za a yanke hukunci a kan wannan ɓangaren. Tun kafin duk wannan, a 1995, ƙungiyar likitocin wasanni ta Japan ta riga ta yi gargaɗin cewa raunin hannu ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin masu jifa da masu cafewa, ta ba da shawarar kowace ƙungiyar yara ta horar da aƙalla mutum biyu a kowane ɗayan matsayin nan.

Masu kare dokar yanzu za su ce ai ba a manta da mai cafewa ba, su buɗo mana shafin da ya ambace shi. Lalle an ambace shi. Yaron da ya yi cafewa a zagaye huɗu ko fiye ba zai yi jifa a wannan rana ba, wanda kuma ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma cafewa ba. Shirin jagoranci da hukumar ƙwararrun besbol ta Amurka ta fitar tare da hukumar wasan ta ƙasa a 2014 shi ma ya shawarci masu jifa su guji cafewa a ranakun hutunsu. Amma a sake karanta waɗannan sharuɗɗa da kyau. Dukkansu hannun mai jifa suke karewa. Mai cafewa ya shigo cikinsu ne kawai a matsayin wanda wataƙila zai yi jifa. Yaron da cafewa ce kaɗai sana'arsa, wanda ba ya taɓa hawa tudun jifa, dokar ba ta yanka masa iyakar zagaye a rana ba, ba ta yanka masa a mako ba, ba ta kuma wajabta masa hutun ko kwana ɗaya ba. Abin mamakin shi ne dokar da kanta ta amsa cewa cafewar zagaye huɗu tana gajiyar da hannu har ya zama haɗari a yi jifa da shi, sannan ta bar wannan hannun ya ci gaba da cafewa yau da gobe da jibi.

Kuma hannu ɓangare ɗaya ne kawai na wahalar. Akwai gwiwar ƙafa, wadda ita ma a shekarun nan tana da nata guringuntsin a saman ƙwauri, inda jijiyar cinya ke maƙalewa, wurin da yakan kumbura wa yara masu yawan tsalle da tsuguno. Akwai kai, domin ƙwallon da sanda ta shafa kan canja hanya ta daki takunkumi, kuma ƙarfen yana kare fuska daga fashewa ne, ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza. Mike Matheny ya ajiye wasa a 2007 saboda wannan, Joe Mauer kuma, gwarzon 'yan wasan rukuninsa na 2009, ya bar cafewa bayan bugun da ya samu a 2013. Akwai ƙirji, inda bugu a daidai wani ɗan lokaci na bugawar zuciya kan iya tsayar da ita nan take, abin da ya sa daga 2020 aka wajabta wa makarantun sakandaren Amurka sulken da ya cika wani mizani na musamman. Ga kuma zafi, tun da wasan na bazara ne, yaron kuwa a naɗe yake tun daga ka har ƙwauri. Wanda zai koyar da wasan nan a ƙasa mai rana irin tamu, wannan na ƙarshen ya isa ya hana shi barci.

Su manyan da ake biya miliyoyin dala sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke tattalin nasu. Kakar wasan ƙwararru wasa 162 ce, amma babu ƙungiyar da ke shiga kaka ba tare da mai cafewa na biyu ba, kuma tsohuwar al'ada ce idan mutum ya yi cafewa da dare a hutar da shi a wasan rana na washegari. Ivan Rodriguez, wanda ya fi kowa yawan wasanni a wannan matsayi, ya tara 2,427 cikin kaka 21, wato kimanin 115 a kowace kaka. Johnny Bench, da ake sakawa a sahun farko na gwanayen matsayin, sai da aka mayar da shi wasu tashoshi a ƙarshen zamaninsa, ya yi ritaya a 1983 yana ɗan shekara 35. A 'yan shekarun nan ma mafi yawan ƙwararru sun koma dasa gwiwa ɗaya a ƙasa maimakon cikakken tsuguno. Ƙato mai shekara 30, da likita da mai tausa a gefensa, ana hutar da shi kusan wasa ɗaya cikin kowane uku ko huɗu. Ɗan shekara 11 da ƙashinsa bai ƙosa ba kuwa ana sa shi wasa huɗu cikin kwana biyu, a kuma yaba masa da cewa jarumi ne.

Wannan yabon shi ne tushen cutar, kuma a harshe ake ganin sa. Amurkawa sun daɗe suna yi wa sulken mai cafewa laƙabi da kayan jahilci, wai mai hankali ba zai yarda ya sa su ba. Wasa ne, amma wasan da ke koya wa yaro cewa ciwo na cikin sharaɗin aikin, kuma mai kuka bai cancanci sulken ba. Japanawa kuwa sukan kira mai cafewa da laƙabin da ke nufin mai matsayin uwargida, wato wanda ke ɗawainiya da mai jifa, ya rufa masa asiri, yabo ya tafi ga wani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. A can Japan ɗin, sai da Kosei Yoshida ya wurga ƙwallo 881 a gasar 'yan sakandare ta Koshien a 2018 kafin ƙasar ta girgiza, aka kawo iyakar jifa 500 a mako daga 2020. An rubuta sharhi iri-iri kan hannun Yoshida, kuma ya cancanta. Ƙwallayen nan 881 dai ba su riƙa komawa hannunsa da kansu ba.

Tarihin wasan ya nuna cewa ba a tuna mai cafewa sai jini ya zuba. Takunkumin fuska ya bayyana a Jami'ar Harvard a 1877, makarin ƙwauri sai 1907, lokacin da Roger Bresnahan ya sa shi 'yan kallo suka yi masa ature da ba'a. Dokar hana mai gudu bangaje mai cafewa a bakin gida ba ta zo wa ƙwararru ba sai a 2014, shekara uku bayan an karya ƙafar Buster Posey na San Francisco Giants a watan Mayun 2011 a idon duniya. Raunin da muke magana a kansa kuwa ba ya faruwa a idon kowa. Ba shi da ranar da za a nuna, sannu a hankali yake ci, yaron kuma yakan ɓoye shi don kada a ba wani sulkensa. Wanda ya bar wasa yana ɗan shekara 14 saboda gwiwa ta ƙi, babu jaridar da za ta buga labarinsa.

Hujja mafi ƙarfi da masu jan ƙafa ke da ita ita ce, babu binciken da ya tsayar da adadin da ya dace: zagaye nawa ne ya yi yawa, kwana nawa ne hutun da ya wadatar? Gaskiya ne, amma laifin wa? Adadin 85 bai samu ba sai da wasu suka zauna shekara da shekaru suna ƙirga jifan yara suna kwatanta shi da ciwon da ya biyo baya. Ba za a taɓa samun makamancinsa ga mai cafewa ba muddin babu mai rubuta komai a kansa. Wasu kuma za su ce ƙaramar ƙungiya mai yara 12 ba ta da mai cafewa na biyu, yara ba sa son matsayin. Haka aka faɗa game da masu jifa kafin 2007, da doka ta matsa sai ga kociyoyi sun horar da huɗu da biyar. Koci ba zai ɓata lokaci a kan na biyu ba matuƙar yana da damar tatse na farko.

A ganinmu, ya kamata hukumomin wasan yara su fara da abin da hankali ya riga ya yarda da shi kafin bincike ya kammala. Yaron da bai kai shekara 13 ba kada ya yi cafewa a cikakkun wasanni biyu a rana ɗaya, kuma wanda ya cafe cikakken wasa yau a ba shi wani matsayi gobe. Kada a yi wa ƙungiya rajistar gasa sai ta rubuta sunayen masu cafewa biyu, kamar yadda likitocin Japan suka nema tun 1995. Hutun wata huɗu a shekara daga jifa, wanda shirin 2014 ya shawarci masu jifa da shi, a faɗa ƙarara cewa ya shafi mai cafewa. Little League ta ɗan taka mataki a 2023, da ta yarda kociyoyi su riƙa tarar ƙwallon motsa hannu a wasannin kaka, abin da a da aka haramta musu. Sauran ƙungiyoyi su bi sahu, a kuma faɗaɗa shi zuwa ranakun atisaye.

Mafi sauƙin duka shi ne rubutu. Dokar Little League ta riga ta wajabta a naɗa mutum guda a kowane wasa wanda aikinsa ƙirga jifa ne, yana nan zaune da takarda da alƙalami tun daga zagayen farko har na ƙarshe. A ƙara masa layi ɗaya a takardar: sunan yaron da ya tsuguna, zagaye nawa ya yi, da ranar da ya yi na baya. Koci ya sa hannu, a miƙa wa hukuma tare da ƙidayar jifa, a kuma ba iyayen yaron kwafi.